Asabar Ba a Gaisuwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina rubuta sunan rana a saman allo, can kusurwar dama, kafin yara su gama shigowa aji. Da Faransanci nake rubutawa, don shi aka ɗauke ni in koyar. Amma duk shekara sai na saci rabin awa na yi wa 'yan aji shida wani darasi da ba ya cikin tsarin gwamnati, wato inda sunayen ranakunmu suka samo asali. Ajin ya haɗa 'ya'yan Hausawa da Dendawa da Bargawa da Fulani, kuma yawancinsu sunaye masu kama da juna suke faɗa a gida, kowa da yadda harshensa ya lanƙwasa su.

Darasin ba shi da wuya. Larabawa ƙidaya kawai suka yi, mu kuma muka aro ba tare da mun lura ƙidaya ce ba. Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Juma'a ta fita daga layi, ita ranar taruwa ce. Nan sai in tsaya in ce, to Asabar fa? Kowace shekara sai an sami mai kaifin kai ya ɗaga hannu ya ce bakwai, tunda ya taɓa jin saba'a a makarantar allo. Ina son wannan kuskuren, domin shi yake ba ni damar gyara tsayuwa. Asabar ba lamba ba ce. Daga as-sabt take, Larabawa kuma sun same ta a wurin Bani Isra'ila, waɗanda aka umarta su ajiye aiki a ranar. Ma'anarta dainawa, mutum ya sauke hannu daga abin da yake yi. Bakin Bahaushe ne ya goge mata ƙarshe, kamar yadda biyat ta mutanen yamma ta zama biyar a bakin wasu. Daga nan sai in rubuta samedi a ƙarƙashinta, in ce su ma Faransawa a rijiya guda suka ɗebo, gugarsu ce kawai ta fi tamu dogon igiya. Yara su yi tsit. A lokacin na ɗauka sha'awa ce. Yanzu na fi zaton yunwa ce, don dab da tashin rana nake yin darasin.

Abin da ban taɓa rubutawa a allo ba, kowane yaro a ajin ya riga ya san shi tun daga gida. A Zongon Parakou inda nake zaune, da Djougou inda aka haife ni, wadda tsofaffinmu ke kira Zugu, ba a zuwa gaisuwar mutuwa ranar Asabar. An ce abin da aka yi a ranar komowa yake yi, wanda ya je ya yi wa gida ta'aziyya ya buɗe ƙofar wata ta'aziyyar. Jana'iza dole ce, gawa ba ta jiran Lahadi. Amma zaman makoki da tambayar haƙuri sai a ɗaga su. Malamai suna faɗa a wa'azi cewa camfi ne, jama'a su gyaɗa kai, ranar Asabar kuma kowa ya tuna yana da uzuri a wata unguwa. Na lura shi kansa limamin masallacinmu a ranar ciwon ƙafarsa ya fi tashi.

Na san mutane da yawa, aikin koyarwa ya gaji haka. Aboki kuwa guda ɗaya na taɓa yi. Mahauci ne a Zugu, ɗan mahauci, ƙofar gidansu tana kallon tamu. Tare muka fara karatun allo, daga baya ni aka kai ni lakwal, makarantar boko, shi aka miƙa masa wuƙa. Tun ranar da na fara aiki yake kirana Metir, wato malam da Faransanci, kamar yadda 'yan makaranta ke yi, ni kuma ina kiransa Sarkin Fawa, sarautar da babu wanda ya naɗa masa sai ni. In na je hutu, a bencin rumfarsa nake wuni. Ya ware mini hanta ya gasa, ya turo mini a takarda, ya ce:

"Metir, me aka gano sabo a littafi? Har yanzu duniyar zagayawa take yi?"

In ce tana nan tana zagayawa.

"To ka gaya mata ta bi a hankali, yanka nake yi."

Ina da shekara shida da aure lokacin da mahaifinsa ya rasu. Ranar Laraba aka yi rasuwar. Waya ba ta shigo hannun mutane ba tukuna, sai ranar Alhamis da yamma wani direban Zugu ya tsaya a bakin layinmu ya faɗa mini. Juma'a sufeton makarantu zai zo ajina, ba halin motsi. Na ce to, Asabar da sassafe zan kama hanya.

Matata tana ninke mini riga ta ce, "Ka tafi, amma ka sauka wurin gwaggonka, kada a gan ka a layinku. Ka kwana, Lahadi da safe ka shiga ka yi gaisuwar, ka kamo motar azahar."

Na ce, "Kin san ma'anar Asabar kuwa?"

Ta ce, "Na san ba a gaisuwa a cikinta."

Sai na yi mata darasin gaba ɗaya, tun daga Lahadi har Bani Isra'ila, har samedi ban rage mata ba. Ta saurara har ƙarshe, tana da wannan kirkin. Ta ɗora rigar a kan jaka ta ce, "Malam, ni na ji. Amma tsohuwarsa ba ta zauna a ajinka ba."

Na shiga tsohuwar taksin nan da ake cusa mutum tara, na isa Zugu kafin azahar. Ban bi ta gidan gwaggo ba. Zauren gidansu abokina ba kowa, an naɗe tabarmi an jingine su a bango. Mutumin da yake alfahari da iya karatu ya kamata ya karanta wannan. Na yi sallama, ya fito. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, sannan na ga ya tuna wani abu. Ya kama hannuna da sauri ya ce:

"Metir, ka sha hanya. Zo mu je kasuwa ka sa wani abu a cikinka."

Hanyar fita yake nuna mini, ban gane ba sai bayan shekaru. Na zare hannuna, na ɗaga su biyu sama, na jero addu'a da Larabci mai kyau, kowane harafi daga mafitarsa. Na ce Allah ya jiƙan Baba, ya haƙuri. Ya amsa a ƙasan maƙoshi. Ban tsaya nan ba, na ce sai na shiga na gai da Inna, mahaifiyarsa, wadda na sha cin tuwonta fiye da na gidanmu. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na maimaita komai. Ba ta ce amin ba. Ta ja mayafi ta dube ni.

"Ɗan nan, yau wace rana ce?"

Na ce, "Asabar ce, Inna. Ai duk ranaku na Allah ne."

Ta ce, "Na Allah ne."

Gaskiya na faɗa, har yau ban janye ba. A tsakar gidan akwai 'yar abokina ta fari, 'yar shekara huɗu, ta zo tana lalube mini aljihu, don ta san ba a raba ni da guntun alli. Na ba ta, ta je tana zane a bangon madafa. Na kwana gidan gwaggo, na koma Parakou ina jin na yi wa jahilci rauni.

Bayan mako bakwai ƙyanda ta ɗauke yarinyar.

Wannan karon izini na nema a makaranta, na je ranar Talata. An karɓe ni da mutunci cikakke, kuma a nan na gane girman abin. Mutane suna zaune a tabarma, ni aka kawo mini kujera. Abokina ya ce, "Malam, an gode, Allah ya ba da lada." Malam, ba Metir ba. Inna ba ta fito ba, aka ce tana hutawa. Ta ƙofar zaure na hango zanen alli a bangon madafa, ba a goge ba.

Ba mu taɓa yin faɗa ba. Da mun yi, da an sami dattijon da zai shiga tsakani, amma babu wanda ya iya sulhunta mutanen da suke gaisawa. In na je hutu nakan bi ta rumfarsa, ya tambayi iyali, in tambayi kasuwa, ya ɗora mini nama a sikeli kamar kowa. Bencin yana nan, bai ce in zauna ba, ban zauna ba. Da iyayena suka rasu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahu, ya tafi. Daga nan zuwana Zugu ya ja baya har ya tsaya. Da waya ta shigo na karɓi lambarsa a wurin wani direba, na ajiye ta da sunan Sarkin Fawa. Na sauya waya sau huɗu, kowane sauyi sai na kwafe lambar, ban taɓa danna ta ba. Matata ba ta taɓa tuna mini abin da ta faɗa ranar da take ninke riga ba. Duk sallah dai, bayan mun ci abinci, takan ce, "Ba ka kira Zugu ba?" In ce sai an jima, layi ya yi cunkoso. Haka muka yi shekara ashirin da shida. Darasin ranaku kuwa ban fasa ba, ban kuma ƙara masa ko layi ɗaya ba.

Shekara biyu bayan na ajiye aiki, matata ta rasu. Ta daɗe tana jinya, ta cika ranar Juma'a da hantsi, aka yi mata salla bayan an sauko daga masallaci. Mutane sun cika layi har bakin titi, kowa yana cewa ta yi sa'ar rana. Na tsaya a tsakiyarsu ina tunanin ga ma'anar Juma'a a fili, ba sai an rubuta a allo ba, kuma na ji kunyar wannan tunanin. Samarin unguwa suka kafa rumfar tamfol a ƙofar gida, suka jera kujerun roba. 'Yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana aure a Kwatano, ta iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Washegari Asabar na yi wanka, na sa farar riga, na fito na zauna a kujerar farko. Mata 'yan uwa suna cikin gida, sun rage murya. Waje kuwa ni kaɗai ne. Maƙwabcina mai shagon kayan babur ya fito, ya bi ta ɗaya gefen titi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ina kwana, Metir," ya wuce da sauri kamar an aike shi. Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake da kantin magani, ya rage gudun babur ɗinsa da ya hango rumfar, ya tuna ranar, ya ƙara wuta. Shi ma ya taɓa ce mini bakwai. Awaki biyu suka shigo inuwa suka kwanta. Na ƙirga kujerun kamar yadda nake ƙirga yara da safe, arba'in ne, babu wadda ta yi fashi.

Shekara talatin da ɗaya ina faɗa wa yara cewa kalmar tana nufin dainawa. A ranar na zauna a cikinta. Tarinta da nake ji ta bango ya daina. Rediyonta da take buɗewa tun kafin ta ɗora ruwa ya daina. Ba wanda zai leƙo ya ce in shigo rana ta yi zafi. Na so ko da mutum ɗaya ya zo ya faɗi kalmomin nan da aka saba, waɗanda ba su da wani sabon abu a ciki, in amsa masa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya tsaya a bakin rumfar. Wani dattijo mai jiki ya sauko da ƙyar, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, da baƙar leda a hannu. Gemun ya yi fari, ban gane fuskar nan take ba. Hannun hagu na gane, ɗan yatsan da wuƙa ta rage masa tun muna samari.

Zan faɗi abin da ya fara zo mini, tunda a wannan shekarun ƙarya ba ta da sauran amfani. Na ce ya zo ramawa. Sannan na tuna 'yata tana cikin gidan nan, ita kaɗai ta rage mini. Ni da na yi wa matata lacca, ni da na gyara wa Inna aƙida a ƙofar ɗakinta, sai ga ni ina roƙon Allah a zuci kada mutumin nan ya ɗaga hannuwansa. Yanzun nan nake neman mai gaisuwa, ga shi ya zo, ina tsoron ya yi.

Ya tako ya wuce kujeru talatin da takwas, ya zauna a wadda take manne da tawa. Ya sauke numfashi.

"Metir."

Na ce, "Sarkin Fawa."

"Hanyar nan taku an gyara ta, amma ba a gyara direbobin ba. Wanda ya kawo mu, ina jin a kan jaki ya koya."

Ya buɗe ledar, ya warware takarda. Hanta ce gasasshiya, ta huce a hanya, yaji ya jiƙa takardar.

"Ci."

Na ce ba na iya cin komai.

"Ban tambaye ka ba."

Na ci. Rabona da abinci tun Alhamis. Ya zuba mini ido har na haɗiye yanka uku, sannan ya kalli titi ya ce, "Har yanzu zagayawar take yi?"

Na ce haka aka ce.

"Ni ma na fara yarda. In na miƙe da sauri ina jin ta."

Haka muka wuni. Ya ba ni labarin shanun bana, yadda Fulani suke kawo su a rame. Ya yi tsegumin mahautan zamani masu ajiye nama a firji kwana uku su ce na yau ne. Ya lissafa mini waɗanda suka rushe gidajen ƙasa a unguwarmu suka yi na bulo, da bishiyar mangwaron bayan masallaci da aka sare. Ya nuna mini gwiwarsa, na nuna masa tawa. Muka yi azahar, muka dawo kujerunmu, muka yi la'asar, muka dawo. Ko sau ɗaya bai ambaci matata ba. Da 'yata ta kawo mana ruwa ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "Sannu 'yata, ya gajiyar hanya? Ya mutanen Kwatano?" Ya tsaya nan. Ta dube ni, tana mamakin wannan tsoho da bai san abin da ake cewa a gidan rasuwa ba.

Da rana ta yi sanyi na tattara ƙarfina na ce, "Sarkin Fawa, maganar yarinyar nan..."

Ya ɗaga hannun nan mai guntun yatsa. "Yau Asabar ce."

Na ce ya kwana a gidana, ya ce a'a, ya riga ya ajiye jakarsa a gidan wani dillalin shanu, abokin cinikinsa, a nan cikin Zongo. Ya tafi yana jan ƙafa. Ina kallon bayansa na tuna wadda ta ce in sauka wurin gwaggo in kwana. Shawararta ce ya bi, shi da bai taɓa jin ta ba.

Lahadi da safe, rana ta ɗan ɗaga, kafin jama'a su fara zuwa, ya dawo. Bai zauna a kujera ba. Ya dafa kafaɗata ya durƙusa a ƙasa da gwiwar nan tasa, ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a. Larabcinsa duk a karye, da yaro ne a gabana da na tsayar da shi sau biyar. Ya shafa, ya ce, "Metir, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta. Mace ce mai hankali, ta fi ka." Kafin ya miƙe kujeru sun fara cika, har da liman, ƙafarsa ta yi sauƙi.

Na bar mutane na raka shi tasha, abin da bai dace mai zaman makoki ya yi ba. Muna jiran mota ta cika ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ƙyanda ce, ni ma na sani. A shekarar ta shiga gidaje da yawa a unguwa, kai ka je musu gaisuwa? Inna ta rasu tana ganin kai ne. Ni ban taɓa ganin kai ne ba. Amma duk na dube ka sai in gan ta da alli a hannu."

Na ce, "To me ya kawo ka jiya, ba ka bari sai yau ba?"

"Na san yadda ranar take, na zauna a cikinta. Ranar da ka zo mini, duk Zugu kai kaɗai ka zo. Da ka rufe bakinka ka bi ni kasuwa, da babu wanda ya kai ni sa'ar aboki a duniya." Ya gyara hularsa. "In na riga ka, ka zo wa yarana ranar Asabar. Ka zauna. Kada ka koya wa kowa komai."

Kwandasta ya buga jikin mota, ya shiga, aka matse shi a tsakanin wata mai buhun doya da wani soja.

Bayan sadakar arba'in 'yata ta koma gidan mijinta. Gidan ya rage daga ni sai rediyon, wanda nake buɗewa da safe ba don ina saurare ba. Sarkin Fawa ya kira ni sau uku a watannin farko, duk ranar Asabar, magana ba ta wuce minti biyu, gwiwa da shanu. Sai na ɗauki al'adar cika wayata da caji tun Juma'a da yamma, in ajiye ta a kan tebur kusa da tabarau. Daga nan Asabar huɗu suka wuce bai kira ba. Na ce wataƙila kasuwa ce, tunda ta Zugu ba ta bin mako, zagayenta daban. Na ce wataƙila ya ga ya sauke abin da ya kawo shi, iyakarta ke nan.

Ta biyar ɗin, bayan azahar, na sa tabarau, na nemo lambar da na kwafa a waya huɗu, na danna. Ta daɗe tana ƙara.

"Metir? Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa.

"To me ya faru?"

Na ce ba komai, Asabar ce.

Ya ce, "Tsaya, kada ka kashe, ina da mutane a gabana." Na ji ya ajiye wayar a kan katako. Ina jin ya manta da ita. Na kara tawa a kunne ina sauraron kasuwar Zugu, wata mata tana ciniki da Dendanci, babur yana wucewa, saran gatarinsa a kan ƙashi, da muryarsa yana cewa wani ya matsa ya bar masa haske. Na zauna ina ji har katin wayar ya ƙare.